Yadda ake doguwar tafiya a keke a hanya mai tudu, da yadda ake haɗa fitar ayari

Tambayoyi biyu ne suke ta dawo mini ba ƙaƙƙautawa. Akwai mai cewa yana yin kilomita 70 a miƙaƙƙiyar hanya ko a jikinsa, amma ranar da ya shiga hanya mai hawa da gangara tun kafin kilomita 40 ƙafafu sun mutu har sai da ya sauka yana tura keke. Akwai kuma masu cewa mu fa mun kai mu takwas ko goma, muna son fita tare amma duk fitar da muka yi sai an watse, wasu sun yi gaba an bar wasu a baya, a dawo ana jin haushin juna. Toh duka biyun abu ɗaya ne ke kawo su, gaggawa da rashin lissafin tudu, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Ga yadda ake yi daki-daki.

1. Auna hanyar da hawanta

Kafin ka taɓa keke ka buɗe taswira tukuna. Manhajoji irin su Komoot da Strava da RideWithGPS duk za su zana maka hanya su ba ka lamba biyu, tsawonta a kilomita da jimlar hawan da ke cikinta a mita. Mafi yawan mutane ta farkon kawai suke kallo, alhali ta biyun ce mai kashe ƙafa. Ka raba mitocin hawan da kilomita. In ya ba ka ƙasa da mita 5 a kowace kilomita hanyar kusan kwance take, in ya kai 10 ka san akwai aiki, in ya kai 15 zuwa 20 toh wannan hanyar tuddai ce ta gaske, kar ka fara da ita.

Sai kuma kaifin tudun, wanda ake rubutawa da kashi cikin ɗari. Kashi 5 na nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka hau mita 5 sama. Kashi 3 zuwa 4 kowa zai iya, 6 zuwa 8 nan ake fara haki, daga 10 zuwa sama in giyarka ba ta dace ba sauka za ka yi. Don ka samu abin kwatance, hawan Alpe d'Huez da ke Faransa wanda ake yawan bi a gasar Tour de France tsawonsa kilomita 13.8 ne, matsakaicin kaifinsa kashi 8.1, kuma hanyar tana da lanƙwasa 21.

Lissafin lokaci da nake yi shi ne, ka ɗauki awannin da za ka yi in da hanyar kwance take, ka ƙara minti 45 zuwa awa ɗaya a kan kowace mita 1,000 ta hawa, sannan ka ƙara lokacin tsayawa. Misali kilomita 100 mai hawan mita 1,500, mai gudun kilomita 25 a awa zai yi awa 4 a kwance, da tudu ya zama kamar awa 5 da wani abu, da tsaye-tsaye ya doshi awa 6.

Gargaɗi: matsakaicin kaifi yana ɓoye gaskiya. Tudu mai matsakaicin kashi 5 zai iya samun wani guntu mai kashi 14 a tsakiya. Ka ja yatsa a kan zanen hawan ka ga inda ya fi tsini da kuma a kilomita ta nawa yake, domin tudun da ka tarar a kilomita 15 da wanda ka tarar a kilomita 85 ba ɗaya ba ne ko da tsayinsu ɗaya.

2. Gyara giya, nan ne kuɗinka zai fi amfani

In za ka kashe kuɗi a wuri ɗaya tak, a nan za ka kashe. Ka ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba da na babban farantin baya. Kekunan tsere na da da yawa suna zuwa da 53 da 39 a gaba, baya kuma iyakarsa 25. Abin da kake nema shi ne 50 da 34 a gaba, baya kuma kaset, wato jerin farantan baya, mai kaiwa 32 ko 34.

Bari in nuna maka bambancin da lissafi. Taya mai faɗin milimita 28 a kan wili irin na keken titi tana cin kusan mita 2.1 a juyi ɗaya. Da 34 gaba 32 baya, in kana juya feda sau 70 a minti, gudunka kusan kilomita 9.5 ne a awa, wanda shi ne gudun mutum matsakaici a tudu mai kaifi. Mai 39 da 25 in yana wannan gudun ƙafarsa sau 48 kawai take juyawa a minti, wato kowane taki sai ya danna da dukkan ƙarfinsa, gwiwa na ɗaukar nauyi, cinya na ƙonewa, minti goma ya gama aiki. Ku biyun gudunku ɗaya amma shi ya riga ya cinye abin da zai kai shi gida.

Canza kaset da sarƙa ya fi sayen sabon wili ko firam mara nauyi araha nesa ba kusa ba, kuma amfaninsa a tudu ya ninka nasu. Masu cewa babban farantin baya na ragwaye ne ka bar su da maganarsu, ƙwararrun 'yan tsere ma suna sa manya in hanyar ta yi tsini.

Gargaɗi: kafin ka sayi kaset ka duba ƙarfen da ke canza giya na baya. Mai gajeren hannu yawanci iyakarsa haƙora 28 ko 30, mai 32 da 34 sai mai matsakaicin hannu. Kuma yawan faranti dole ya dace da abin canza giyarka, mai 10 da mai 10, mai 11 da mai 11, sannan sarƙar ma sai an ƙara mata tsawo ko a sa sabuwa. In ka sa babban kaset da gajeriyar sarƙa, ranar da ka haɗa babba da babba za ta iya fizge ƙarfen gaba ɗaya.

3. Taya, birki da sirdi

Taya mai milimita 28 ko 32 in firam ɗinka zai ɗauka, ta fi siririya daɗi a doguwar tafiya kuma ta fi riƙe kwalta a kwana. Kar ka cika mata iska har ta koma kamar dutse, mai nauyin kilo 70 a taya 28, psi (ma'aunin iskar taya) 70 zuwa 80 ya ishe shi, mai nauyi ya ƙara, mara nauyi ya rage, kuma kar a wuce lambar da aka rubuta a jikin tayar.

Birki ka duba robarsa, in layukan da ke jikinta sun shafe canza ta, in na faifai ne ka leƙa ka ga kaurin da ya rage. Sarƙa akwai ɗan ƙarfen auna ta mai araha, in ta miƙe da kashi 0.5 a keke mai faranti 11 ko 12 ta gama, in ka bar ta za ta cinye kaset ɗin ka biya kuɗi biyu.

Tsayin sirdi kuwa, zauna ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkace ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar sai ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, toh haka ake so. Ciwo a gaban gwiwa sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa, a bayan gwiwa kuma ya yi sama.

Gargaɗi: kar ka canza komai a daren tafiya. Sabon sirdi, sabon takalmi, sabon tsayi, duk a gwada su a gajeriyar fita aƙalla mako ɗaya kafin ranar.

4. Shirya jiki

Wannan ba shi da wani sirri. Fita uku a mako, biyu gajeru ɗaya doguwa, kana ƙara tsawon doguwar da kamar kashi 10 duk mako, a mako na huɗu ka rage ka huta. A ɗaya daga gajerun ka samu tudu mai ɗaukar minti 4 zuwa 6, ka hau ka sauko ka sake hawa sau huɗu ko biyar. In ka iya kashi 70 zuwa 75 na tsawon da hawan tafiyar da kake nufi ba tare da ka galabaita ba, ka shirya. Kwana uku na ƙarshe hutu ne da ɗan juyi mara nauyi.

5. Kayan da ba a fita babu su

Hular kwano wadda ta zauna daidai a kai, tub biyu, ledar faci, ƙarafunan ɓare taya biyu, ƙaramin famfo, alanki mai haɗe da abin yanke sarƙa, da ɗan maɓallin haɗa sarƙa wanda ya dace da taka. Fitila fara a gaba ja a baya ko da rana ce. Gorar ruwa biyu. Waya da caji cike, da taswirar a sauke cikinta don akwai wurare tsakanin tuddai da babu sabis. Takarda mai sunanka da lambar wanda za a kira. Wando mai soso a ciki, kuma ba a sa masa wani wando a ƙarƙashi don ɗinkin ne ke goge fata. In hanyar za ta hau sama sosai ka ɗauki 'yar rigar iska, domin ka hau da zufa ka sauko cikin iska, sanyin da zai kama ka har hannu ya ƙi matse birki.

Gargaɗi: ka tabbatar bakin famfonka ya dace da bakin tub ɗinka, akwai siriri akwai mai kauri irin na mota, kuma in wilinka mai zurfi ne bakin tub ɗin ya zama dogo. Ka koyi canza tub a gida kana zaune, musamman na baya. Hular da ta taɓa buguwa a faɗuwa ta gama aiki ko ba a ga tsagewa ba.

6. Ci da sha

Abincin da jiki ya tara wanda yake ƙonawa da sauri ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki mai ƙarfi, kuma tudu ya fi komai cinye shi. In ya ƙare za ka gane, ƙafa ta yi sanyi, kai ya yi fayau, ido ya fara ganin dishi-dishi, ga saurin fushi. Kuma in ya kai haka ko ka ci abinci sai ka jira kafin ka dawo daidai. Don haka ka karya sosai awa biyu kafin fita, sannan tun daga minti 45 na farko ka fara ci, kaɗan-kaɗan duk minti 20 zuwa 30. Abin da ake nema giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukarin da ke cikin abinci a kowace awa. Ayaba matsakaiciya ɗaya tana da kusan giram 25, kaga biyu a awa ko ɗaya da wani abin daban.

Ruwa kamar gora ɗaya ta rabin lita zuwa mililita 750 a awa, in da zafi a ƙara. Gora ɗaya ruwa zalla, ɗaya a sa mata sinadarin gishiri.

Gargaɗi: kar ka ci a tsakiyar hawa kana haki, kar kuma ka ci a gangara hannu ɗaya a kan keke. Wurin ci shi ne inda hanya take kwance, ko minti goma kafin tudu. Sannan yawan ɗirkar ruwa zalla awa da awanni babu gishiri shi ma yana da haɗari, yana kawo ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa.

7. Hawan tudun kansa

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa. Mutum ya hango tudu sai ya taho da gudu ya afka masa da babbar giya wai zai cinye shi da ƙarfin da ya taho da shi, mita 200 gudun ya ƙare, numfashi ya ƙare, sai ya fara neman giya alhali sarƙa na ɗauke da nauyi, ka ji ƙarau ƙarau, wani lokacin ta zame ta faɗi ko ta tsinke.

Yadda ake yi, tun kana gindin tudun ka mayar da gaba kan ƙaramin faranti, kana sassauta taki na daƙiƙa ɗaya lokacin da kake canzawa. Daga nan sai ka riƙa mayar da na baya kan faranti mafi girma ɗaya bayan ɗaya yadda ƙafarka za ta ci gaba da juyawa sau 70 zuwa 85 a minti. Zauna a sirdi, ka ɗan ja baya, hannu a saman kan keken, kafaɗa a sake, ƙirji a buɗe. Ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura shi ne magana, in za ka iya faɗin jimla gajeriya ba tare da ta yanke ba kana daidai, in kalma ɗaya-ɗaya kake iya fitarwa ka wuce gona da iri, sassauta.

Ka raba tudun uku a ranka. Kashin farko ka tafi a hankali har ka ji kamar kana wasa, na biyu ka riƙe, na uku in da saura a jikinka sai ka kashe. Za ka ga mutane sun wuce ka a ƙasa, ƙyale su, da yawansu za ka same su a gaba sun tsaya.

Miƙewa tsaye a kan feda yana da amfani don a huta da baya da mazauni ko a wuce guntu mai tsini, amma ya fi cin numfashi, daƙiƙa 20 zuwa 30 ya isa. Kafin ka miƙe ka ƙara giya ɗaya ko biyu, in ka zauna ka mayar. In kuma ya gagara, sauka ka tura ba abin kunya ba ne, ka dai tsaya can gefen hanya.

Gargaɗi: kar ka riƙa yin zigizag kana ratsa titi don rage kaifin tudu. Motar da ke gangarowa daga sama ba ta ganinka sai ta iso, kuma da gudu take.

8. Gangara

Hawa gajiya yake kawowa, gangara kuwa ita ke kai mutane asibiti, don haka a nan ba na wasa. Hannu a ƙasan kan keken inda ya lanƙwasa don nan birki ya fi kamawa kuma rami ba zai fizge maka hannu ba, yatsa ɗaya ko biyu a kan birki, nauyi ya ɗan koma baya, ido can nesa inda za ka, ba kan tayar gaba ba. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke, na baya taimako ne, a matsa su tare a hankali. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana keke na miƙe, in ka shiga sai ka saki. Fedar da ke wajen kwanar tana ƙasa ka danna ta da nauyinka, ta ciki tana sama don kar ta daki kwalta. Ka tsaya a hannunka, kar ka yanke kwanar da ba ka ganin bayanta.

Gargaɗi: kar ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Birkin da ke kama wili yana zafafa shi har tub ya iya fashewa, na faifai ma in ya yi zafi ƙarfinsa na raguwa. Matsa da ƙarfi, saki, sake matsawa. In an yi ruwa ko akwai yashi da tsakuwa a kwana, rage gudu ninki. In keken aro ne ka gwada wane hannu ne birkin gaba, domin a Ingila yana dama, a Amurka da yawancin Turai yana hagu.

9. Haɗa ayari, aikin da ake yi kafin ranar

Mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyin shiryawa, in an ce kowa ne toh babu kowa. Shi zai bi hanyar da kansa kafin ranar, a keke ko a mota, ya ga inda kwalta ta lalace, inda manyan motoci suka yi yawa, inda za a samu ruwa, asibiti mafi kusa, da kuma wata gajeriyar hanya da wanda ya gaji zai yanke ya koma. In ana iya zaɓa a sa manyan tuddai a rabin farko.

Sanarwar da zai tura ta faɗi komai a fili: rana, wurin haɗuwa, lokacin haɗuwa da lokacin tashi, kilomita nawa, hawa mita nawa, matsakaicin gudu, inda za a tsaya, da fayil ɗin GPX, wato taswirar hanyar, don kowa ya sa a wayarsa ko na'urarsa ta Garmin ko Wahoo. Sannan abu mafi muhimmanci, a faɗa ko fitar ta jiran juna ce ko ta kowa tasa ta fisshe shi. Duk rigimar da ake yi a ayari daga nan take tasowa, an ce wa sabon shiga zo kawai a hankali za mu tafi, ya zo ya tarar ana gudun kilomita 30 a awa. In ka rubuta 22 toh a yi 22 ko da rabin mutanen za su iya fin haka.

Yawan mutane 6 zuwa 12 shi ne daidai. In an wuce haka a raba gida biyu bisa ƙarfi, a ba da tazarar mintuna tsakani, masu sauri su fara tashi. Dogon layi yana wahalar da direban da ke son wucewa har ya yi gangancin da bai kamata ba. Kowane rukuni da jagora a gaba wanda ya san hanya, da mai rufe baya, kuma mai rufe bayan ya zama cikin mafiya ƙarfi kuma ya iya gyara, yana da lambar jagoran. Ba a ba wanda ya fi kowa rauni wannan aikin don kawai dama shi ne a baya.

Kuɗin da ke shiga ba yawa, akwatin taimakon gaggawa, kayan gyara na gama-gari, sai man motar rakiya in tafiyar ta yi tsawon da za a buƙace ta. A faɗi kason kowa tun a sanarwa, a karɓa kafin a tashi.

Gargaɗi: dokar tafiya bibbiyu kafaɗa da kafaɗa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, haka ta hular kwano, a Ostiraliya misali dole ce. Ka san ta inda kake, kuma in taron babba ne ka bincika ko ana buƙatar izini.

10. Safiyar tashi

Minti biyar na bayani kafin a hau, ko da duk an san juna. A ƙirga mutane da baki, a karɓi lambar gaggawa ta kowa, a nuna jagora da mai rufe baya, a faɗi wuraren haɗari da wuraren jira. Kowa ya matsa birkinsa ya taɓa tayarsa ya duba makullin wili. Sababbi a tambaye su kai tsaye, ɗan uwa ka taɓa tafiya a layi? ka taho da tub? ka ci abinci? Wanda zai rabu da ayari a hanya dole ya faɗa wa mai rufe baya, in ba haka ba za a tsaya ana neman mutumin da ya riga ya isa gida. A tashi a kan lokaci, kuma minti 15 zuwa 20 na farko a tafi a hankali jiki ya ɗumama.

11. Tafiya a layi

Wanda ke bayan wani yana samun sauƙin iska da ya kai kusan kashi 30 a kwance in ana gudu, wannan ne ribar ayari. Sabon shiga ya bar tazarar tsawon taya ɗaya ko fiye, ido a kan kafaɗar na gaba da hanyar da ke gabansa. Na gaba shi ne idon kowa, ya nuna rami da yatsa, ya kaɗa hannu a bayansa in akwai abin kaucewa, ya ɗaga hannu in za a tsaya, kuma kowa ya miƙa ishara zuwa baya. Na baya shi ke sanar da mota na tafe. Ba a taka birki kwatsam, ba a kaucewa kwatsam, ba a sa abin jin kiɗa a kunne.

Karɓa-karɓar gaba kuwa, ka ja na minti ɗaya zuwa uku, ka duba baya, ka yi ishara da gwiwar hannu, ka matsa gefe ka gangara zuwa ƙarshen layi. Wanda ya karɓa ya riƙe gudun da ya tarar, kar ya ƙara. Wanda ya gaji ya zauna a baya abinsa, babu dole.

Gargaɗi: kar tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar baya ta na gabanka. In ya ɗan karkata ya taɓa ka, kai ne za ka faɗi, da duk waɗanda ke bayanka. Haka in za ka miƙe tsaye a tudu ka faɗa da baki, domin a wannan lokacin keken yana ɗan komawa baya ya daki na biye da kai.

12. Tudu, gangara da matsala a cikin ayari

A dogon tudu kar a ce sai an tafi tare, ba zai yiwu ba, kuma sauƙin iska ma kusan babu shi a ƙaramin gudu. Kowa ya hau da ƙarfinsa, masu tafiya a hankali su riƙe gefe, a haɗu a sama a wurin da aka sauka daga kwalta kuma direba zai hango ku daga nesa, ba kan kwana ba kuma ba daidai ƙoƙon tudun ba. Sannan ga abin da ake yawan yi wanda ba daidai ba, na ƙarshe yana isowa yana haki sai waɗanda suka huta minti goma su ce toh mu je. Shi ke nan wanda ya fi kowa buƙatar hutu shi ne bai samu ba. A ba shi minti uku zuwa biyar ya sha ruwa ya ci wani abu, shi zai ce a tashi. Masu ƙarfin da zama ya ishe su su gangara su sake hawowa tare da shi.

A gangara a buɗe tazara sosai, tsawon keke biyar ko fiye, layi ɗaya, ba a wuce mutum ta cikin kwana, a sake haɗuwa a ƙasa a ƙirga.

Tsayawa ita ma a yi mata lissafi. A tafiye-tafiyen nesa irin na Audax ana ba kilomita 200 awa 13 da rabi, wato kusan kilomita 15 a awa har da duk tsayawar da mutum zai yi, kuma a ayari kowace tsayawa tana ninkuwa don sai an jira kowa. A faɗi minti nawa za a yi tun kafin a sauka.

In taya ta yi faci, a yi kira, kowa ya fita daga kwalta, mutum biyu su yi gyaran, a shafa cikin tayar da yatsa a hankali a ciro abin da ya huda ta kafin a sa sabon tub. In wani ya faɗi, mutum ɗaya ya koma baya ya tsayar da motoci, ɗaya ya kira agaji, kuma in ya bugu a kai ko yana kukan wuya ko baya kar a ɗaga shi kar a cire masa hula sai in numfashinsa na cikin haɗari. Wanda kansa ya bugu ba ya sake hawa keke ranar ko ya rantse lafiyarsa lau. Wanda ya fara magana ba kan gado ko tangaɗi cikin zafi, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki a nemi asibiti da gaggawa. Wanda kuma ya gaji kawai zai yanke ya koma, a haɗa shi da mutum ɗaya mai waya da kayan faci, kuma su turo saƙo in sun isa.